Ku tuna daga Zariya Masai ya fara

Madalla da labarin da kuka buga a kan tarihin Masai Ujiri, ɗan Najeriyar da ya yi fice a shugabancin ƙwallon kwando, sai dai kun yi saurin tsallake Zariya kamar ba a nan ya tashi ba. A Ingila aka haife shi a 1970, amma a garin nan ya girma, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando, a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Mu mutanen Samaru mun san wannan.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne bai taɓa buga wasa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. Ya je Amurka karatu, ya yi shekaru yana bugawa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, daga baya ya karɓi aikin farauto 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ta NBA ba tare da albashi ba. Da wannan haƙurin ya kai ga shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors, har suka ɗauki kofin NBA a 2019. Kuma tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa don koya wa yaran gida ƙwallon kwando.

To ina namu na yau? Wallahi akwai dogayen yara masu hazaƙa a Sabon Gari da Tudun Wada, amma filayen duk sun farfashe, gasar cikin gida kuma yau a yi, gobe a dakatar saboda rigimar shugabanci. Yaron da ba ya samun wasa a kai a kai, wa zai gan shi balle ya ɗauke shi waje? Gwamnatin Kaduna, don Allah a gyara mana filayen nan.