Rashin ƙorafi a wurin aiki ba shaidar lafiya ba ne

Shugabanni da yawa suna alfahari da cewa ba a taɓa kawo musu ƙorafin cin zarafi ba, suna ganin komai lafiya lau ke nan. Sau da yawa tsoro ne ya rufe bakin mutane. Matar da babba a ofis ke yi wa kalaman batsa ko taɓa jikinta takan haɗiye abin, gudun kora, ko hana ta ƙarin girma, ko kuma, abin da ya fi ciwo, a ce ita ta jawo.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, inda ta gano cewa ma'aikatan da suka fi sakin jiki da shugabanninsu su ne suka fi ba da rahoton kurakurai, domin ba sa fargabar faɗa. Ƙorafin cin zarafi ma haka yake fitowa.

Idan ya zo, a saurari mai shi a keɓe, a rubuta bayaninsa, a ba wanda ba ya ƙarƙashin wanda ake zargi ya bincika. A ji ta bakin wanda ake zargin shi ma, sannan a sa ido kada a huce a kan mai ƙorafin daga baya.