Sanyin Katsina da lissafin lefe

Shagona na buga takardu yana wajen Ƙofar Ƙaura, jarin kuwa laftof ce ta hannu mai allo inci 14. In na buɗe Word, jerin maɓallan sama su ci rabonsu, layin ƙasa ya ci nasa, filin rubutun da ya rage sai ka ce gadon da aka raba wa 'ya'ya goma sha biyu.

Wata safiya ana tsakar hunturu, sai ga wani dattijo daga Batagarawa zai yi wa ɗansa aure. Aiki uku ya zo da su: katin gayyata a Word, lissafin lefe a Excel, sai sunayen mutane da Hajiya ke turowa ta WhatsApp daga gida, tana turowa tana gogewa. Akwai kuma taga ta huɗu wadda ba ta shafi auren ba: sakamakon ƙwallon daren jiya.

Ni gwanin Alt da Tab ne, maɓallan da ake dannawa tare don tsallakawa daga wata taga zuwa wata, dabarar da ta daɗe a Windows. Sai dai tana da hali. Ba ta jera tagogi yadda ka buɗe su. Wadda ka taɓa daga ƙarshe ita ke tsallakowa gaba. Layin kullum cikin sauyawa yake. Na danna sau biyu da niyyar Excel, sai ga ƙwallo ta cika allo. Baba ya gyara tabarau, ya matso da kujera.

"Ɗana, wannan Arsenal 2 ɗin, atamfa ce ko leshi?"

Na ce sabon yayi ne, Baba, bai iso kasuwa ba tukuna.

Sai na ce bari in ja tagar gefe da maus in huta. To, ban sha shayi ba, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, hannuna sai kyarma yake. Ina kama kan tagar, hannu ya yi kaɗa-kaɗa. Fit! Kati ya ɓace, lefe ya ɓace, Hajiya ta ɓace. Ƙwallo kaɗai ta tsaya, ita da ba a gayyata ba.

Baba ya saki salati. "Mi ya faru? Ina akwatunan? Ina turamen?" Har ya miƙe ya leƙa bayan laftof.

Wanda bai sani ba ya sani: tun Windows 7 ta 2009, in ka kama kan taga ka girgiza, sauran duk sauka suke layin ƙasa don a ba ka fili. Dabara ce mai kyau ga wanda ke zaune a ɗaki mai ɗumi. A Windows 11 ta 2021 a kashe take zuwa sai in kai ka kunna, amma tawa 10 ce, kuma watan Janairu ne.

Ana cikin haka yaron shagona ya shigo da shayi. Ya dubi allo, ya ce, "Yallaɓai, sake girgizawa za ka yi, duk su dawo." Matsalar, tsoro ya riga ya sa ni gumi, hannu ya daina rawa. Baba kuwa da ya ji an ce girgiza, sai ya cafke laftof ɗin da hannu biyu. Da ƙyar muka ƙwace ta, cajar na lilo.

Yaron ya zauna. Ya dawo da tagogin, ya danna maɓallin Windows da kibiyar hagu, Excel ta kama rabin allo. Ya zaɓi WhatsApp ta cike ɗaya rabin. Ya ƙara da Ctrl da F1, jerin maɓallan sama ya naɗe, layuka suka ƙaru. Ya ce ana iya raba allon huɗu in an ja kowace taga kusurwa. Na ce a wannan allon? Sai dai mu ari tabarau wajen Baba.

Aiki ya tafi sumul, ba tsalle, ba lalube. Illar kawai, yanzu Baba na ganin saƙon Hajiya da idonsa, ga jimillar kuɗi a gefe tana hawa. Saƙo ya shigo: a ƙara akwati biyu, dangin amarya sun ce shida ba su isa ba. Wani ya biyo: da sarƙar gwal.

Baba ya daɗe yana kallon ɓangaren dama. Sannan ya dafa kafaɗata, ya rage murya.

"Ɗana, wannan girgizar da ka yi ɗazu, ko za ka iya yi mani ita yadda wannan gefen kaɗai zai tafi?"