Adaidaita sahun da tayoyinta suka riga ta tafiya

Wanda bai taɓa ganin Vectrex ba zai ɗauka na'urar asibiti ce. Na'urar buga gem ce, akwati baƙa mai gilashi inci 9 a tsaye, kamfanin GCE ya fitar da ita a Amurka a 1982, zuwa 1984 kasuwarta ta mutu. Ba ta cika fuskar gilashi da ɗigo-ɗigo kamar talabijin. Tsinken haske guda ne a ciki, kai za ka ce masa tashi daga nan ka je can, ya ja farin layi a kan baƙi. Tawa ta Amurka ce, wuta 120 take ci, don haka kafin komai sai da na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo tiransifoma mai rage wuta, domin 230 ɗinmu in ta shige ta kai tsaye sai dai a yi mata addu'a.

Gem ɗin da na rubuta na adaidaita sahu ne da ke kauce wa ramuka da 'yan acaɓa. Ƙwaƙwalwar injin Motorola 6809 ce mai gudun 1.5 MHz, wurin ajiyar aiki kuma kilobayit 1 tak, a cikinsa ma injin ya riga ya kama na farko-farko, naka daga adireshin $C880 yake farawa. A manhajar Vide, wadda ke kwaikwayon injin a kwamfuta, adaidaitata tsaf take, har da rumfa da madubi.

Saura a zuba shi a kaset. Na samo EPROM 27C256, 'yar ƙwayar lantarkin da ake ƙona gem a cikinta, mai cin kilobayit 32, daidai iyakar abin da injin ke gani. Tsohuwa ce, akwai rubutun wani a ciki, kuma ba a rubutu a kan rubutu: na'urar ƙonawa 1 take mayarwa 0, ba ta iya mayar da 0 ya koma 1. Dole a goge ta da hasken UV ta 'yar tagar gilashin da ke bayanta har kowane bayit ya koma $FF, wato duk 1. Fitilar gogewa minti ashirin take yi. Ni kuwa na ce muna zaune a Kano, rana kyauta, in sayi fitila? Na ɗora ta a kan katanga kusa da shanyar tattasai. Kullum da magariba in sauko da ita in duba, rubutun nan yana nan daram. Wata ranar na dawo da azahar, sai na tarar da faifai a kife a kanta.

"Maigida, ai ni ke rufe maka ita kullum," in ji uwargida. "Ka bar kayan lantarki a rana, salon ya lalace ka ce yara ne."

Na yi mata godiya, na tafi neman fitila.

Da komai ya kammala na yi gayya. Yaran layi suka cika zaure, Alhaji maƙwabcina ya zo da kujerarsa. Na soka kaset, na murɗa makunni, lasifika ta fara zuzun nan da Vectrex ta yi suna a kansa. Sai ga wani jirgi a tsakiyar gilashi, nakiyoyi na tsirowa ta ko'ina, kiɗa na tashi. Zaure ya ɗauki tafi. Alhaji ya kama hannuna ya ce, "Malam, ashe haka Allah ya yi maka baiwa muna zaune da kai?"

Mine Storm ne, gem ɗin da ke cikin injin tun daga masana'anta. In aka kunna Vectrex, tana leƙa farkon kaset ta nemi rubutun "g GCE", da ƙaramin g. In ba ta gan shi daidai ba, ba ta ce maka komai, nata kawai take sakawa. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan haƙoran kaset guda 36, kuma haƙori ɗaya in bai taɓa ba ya isa ya ɓata harafi. Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, wannan ɗanɗano ne." Na kashe injin, na zare kaset, na goge haƙoran da auduga da sipirit, na mayar.

Wannan karon tawa ce ta fito. Rumfa tana sama, gangar jiki ta ɗan karkace, tayar gaba ta yi gaba abinta, na baya biyu suna bin ta a hankali. Direban yana zaune a iska. Duk hoton kuma sai kyaftawa yake yi.

"Kawu, hatsari suka yi?" in ji wani yaro.

Dalilin rabuwar shi ne injin bai san inda tsinken hasken yake ba. Cajin wasu kafasito, 'yan ma'ajiyar wuta, ne ke riƙe da matsayinsa, kowane layi da ka ja yana barin ɗan kuskure, na goma ya hau kan na tara. Kwamfuta lissafinta cif yake fita, ita kuwa na'urar da ta haura shekara arba'in kowacce da irin zamewarta. Maganin shi ne kiran Reset0Ref, wani umarni da ke cikin injin, bayan kowane abu guda da ka zana, tsinken ya koma tsakiya, sannan umarnin Moveto_d ya kai shi wurin abu na gaba. Ni daga rumfa har ramuka da jan zare ɗaya na zana su.

Kyaftawar kuwa lissafi ce. Umarnin Wait_Recal, mai tsare lokacin zane, na sa ran ka gama zane sau 50 a daƙiƙa, wato bugun ƙwaƙwalwar injin 30,000 ke gare ka a kowane zagaye. Lokacin da layi ke ci ma'aunin da ka zuba a adireshin $D004 ne ke yanke shi, gajeren layi da dogo kuɗinsu ɗaya. Na bar ma'auni da girma a $7F ina zana madubi da 'yan ƙananan lambobin tsawon layi, alhali kamata ya yi a rage ma'aunin a ƙara girman lambobin. Ga kuma umarnin rubutu Print_Str_d, wanda ke cin lokaci ƙwarai, ni kuma na rubuta HANYA MAI KYAU DIREBA a sama da ƙasa, don ladabi.

Ina cikin yi wa zaure wannan bayani aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareto rabin yaran sun watse. Alhaji ya naɗe kujerarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, shawara ce. Wancan na farkon, mai jirgin, shi za ka riƙe. Wannan na biyun kamar ba hannunka ba ne."