Inuwar da muka sare da hannunmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da na gani yau ya hana ni sukuni.

Bayan azahar na biyo ta wajen Ƙofar Marusa a Katsina, na tarar an kayar da wani ƙaton bedi a ƙofar wani gida, wai za a fitar da shago. Yara sai wasoson rassa suke. Dattijon da na saba gani yana sayar da goro a gindinsa ya ja faifansa ya raɓe jikin katanga, ya ɗora buhu a ka. Na ce, "Baba, sannu da rana." Ya ce, "Ɗana, rana ai ta Allah ce, inuwar ce mutane suka ɗauke."

Wallahi bakina ya mutu. Ni ma bara waccan na sa aka sare wanda mahaifina ya dasa, wai ganye na ɓata mini tsakar gida. Ganye fa! Yanzu da bazara ta kama, ni ne kan gaba wajen kukan zafi a Facebook.

Da na ba wani ƙanena labari, sai ya ce in kwantar da hankalina, Turawa sun kusa gyara sama. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, akwai masanan da ke binciken fesa ƙurar farar wuta can sama da gizagizai don ta mayar da wani sashe na hasken rana. A wurin dutsen Finatubo na ƙasar Filifin suka ga samfuri: ya yi aman wuta a 1991, duniya ta yi sanyi da kusan rabin digiri, bayan kamar shekara biyu ƙurar ta sauka, zafi ya dawo. Ka ga ke nan sai an yi ta fesawa, hayaƙin da ya jawo ɗumamar duniya kuma yana nan daram. Masanan da kansu sun yi gargaɗin cewa in aka fesa a arewacin duniya kaɗai, daminar yankinmu na Sahel na iya ja baya. Wa zai fara ji a jikinsa? Mai gero a Daura da Mai'aduwa.

Wannan muke zaman jira, jama'a?

Na sani, mafi yawan hayaƙin nan ba namu ba ne, na ƙasashe masu manyan masana'antu ne. Amma ba Bature ne ya riƙe gatarin yau ba. Mu ne. Mu ke shafe tsakar gida da siminti har ruwa ya rasa inda zai nutse. Mu ke sayen buhun gawayi ba mu taɓa dasa ko zogale ba. A kawo dashe bakin hanya, mu saki awaki su cinye, sannan mu zagi gwamnati. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ɗauki shirin ganuwar bishiyoyi, Katsina na ciki, kai nawa ka shayar?

Hadisin dashe kuwa kowa ya haddace, har na wanda alƙiyama za ta tsaya da dashe a hannunsa. A baki kawai. Mun sare sadakar iyayenmu suna kabari, ba mu ajiye tamu ba. Subhanallahi.

Don Allah mu ji tsoron Allah. Kafin ka ɗaga gatari, ka duba wa ke zama a gindin bishiyar. Damina na tafe, duk mai dashen bedi ko mangwaro ya ajiye mini biyu, ɗaya na ƙofar gidana, ɗaya zan kai wa Baba mai goro.