A duba kafin a yanke: maganar motar Kawu

Har yanzu raina a ɓace yake. Duk wanda ya je ɗaurin auren nan na Miriya ranar Asabar ya ga yadda samari biyu suke tura ƙofar motar Kawu da kafaɗa kafin Inna ta samu ta sauko, kuma kowa ya ji dalili, ba sai na sake warware zancen ba. Hukuncina ɗaya ne: wanda ya sa fulaya ya datse wayar ƙofar nan ya yi ɓarna, Kawu kuma da ya tsaya yana kallo ya taya shi. Na faɗa masa haka a zaurensa, da ladabi, ina durƙushe, kuma zan faɗa a nan saboda ba shi kaɗai ba ne.

Motar nan ko wata biyu ba ta yi da isowa daga Lome ba. Irin doguwar motar iyali ce mai kujera 8, mai ƙofar gefe da ke zamewa da kanta in an taɓa maɓalli. Shekara nawa mutumin nan ya yi yana tara kuɗinta, don ya daina raba iyalinsa a kan kabu-kabu uku duk lokacin da za a je gaisuwa? Rana ɗaya ƙofa ta ƙi amsa maɓalli, aka kai gareji, maigidan gareji ko tablo, wato allon gaban direba, bai leƙa ba ya ce ɗan injin da ke jan ƙofa ya mutu, kayansa sai Kano, gara a yanke waya a mayar da ita ta hannu. Aka yanke. Aka cika layin ƙofar da baƙin giris. Aka karɓi kuɗin aiki.

Da yamma na zauna a kujerar direba. Ga wani ɗan maɓalli nan kusa da sitiyari, wanda aikinsa kawai shi ne kashe wutar ƙofofin gefe. A danne yake. Jikan Kawu ɗan shekara huɗu ne ya danna shi yana wasan tuƙi. Shi ke nan ciwon. Na ce, "Kawu, ka ga wannan?" Ya sa tabarau, ya sunkuyo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ai ban san da shi ba." Wallahi yadda ya faɗi maganar nan a hankali ya fi yanke wayar ƙona mini rai. Girisin da aka lafta kuwa, kafin a kai Miriya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, ya kwashi yashi ya zama kamar kwaɓin gini. Shi ya sa ƙofar ta koma sai da kafaɗa. Layin ƙofar irin wannan mota buroshi yake so da tsumma, a share yashin, a ɗan fesa mai marar kauri a kan ƴan tayoyinta. A garin da iska ke kawo rairayi har cikin kwanon tuwo, giris mai kauri gayyatar yashi ne. In kuma ƙofar tana buɗuwa ta waje amma ta ƙi ta ciki, a duba bakinta, akwai ɗan makullin yara, da yatsa ake mayar da shi.

Abin da nake ta faɗa ke nan: a duba kafin a yanke. Yawancin abin da ke tayar wa mai sabuwar mota hankali a Damagaram ƙaramin abu ne, ƙura ce, zafi ne, lodi ne, ko maɓallin da ba a sani ba. Amma mun saba da cewa duk abin da ba mu gane ba a jikin mota, a cire shi. Da hannunmu muke tsufar da mota a wata shida, sannan mu ce ba ta da ƙarko.

Ku ɗauki maganar tamostat. Mota ta shigo gari, ba ta yi laifin komai ba, sai a ce wa mai ita a cire mata tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa. Wa ya ce haka? Tamostat shi ke tsare inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90. In ka cire shi, da safen hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ga sanyi ta ƙara masa mai, kai kuma ka zo kana kukan motar tana shan esansi kamar rijiya. In mota tana zafi, akwai dalili. A leƙa gaban lagireto a ga ko ƙura da ciyayi da leda sun toshe shi. A duba murfinsa. A duba ko fankar tana tashi. A duba ruwan da ake zuba mata, don da yawa daga cikinmu ruwan rijiya ko na ƴan garuwa muke ɗura wa, kuma duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar shayinsa ya san farin dattin da ruwa ke bari. Abin da ke taruwa a cikin lagireto ke nan, ga tsatsa a kai. Ruwan inji mai launi ana sayar da shi a gari. Kuma don Allah kada wanda ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, na ga hannun da ya saɓule a kan haka a hanyar Takeita.

Na san abin da za a ce. Za a ce makanikan nan su ne suke riƙe da motocin ƙasar nan, da ba don dabararsu ba da rabin motocin tasha sun kwanta. Na yarda, kuma ina girmama mutumin da zai kwanta a ƙasa cikin zafin watan Afrilu yana ɗaure wa wani mota. Amma dabarar da ta raya tsohuwar fijo mai karbireto ita ce ke kashe motar da kwamfuta ke tafiyar da ita. Har gobe akwai mai cire kan batir inji na aiki don ya gwada caji. A motar yanzu wannan gwajin yana iya ƙona kwamfutar gaba ɗaya. Don haka wannan uzurin bai karɓu ba.

Za a kuma ce littafin motar da Turanci yake, ko ma babu shi. To, hotuna fa? Rabin littafin zane ne. Wayar da muke kwana a kanta muna kallon kokawa, a cikinta ake samun littafin kowace mota, har da na Faransanci, kuma babu gidan da ba shi da ɗan makarantar da zai karanta. Wannan ma na ajiye shi gefe.

Fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke kunnuwa a tablo, na ga wanda ya liƙe ta da baƙin salatif, na ga wanda aka cire masa ƙwanta aka ce an gyara. Wani lokaci murfin tanki ne kawai ba a ɗaure da kyau ba. Ka murɗa shi har ya yi ƙara, ka yi kwana biyu kana tafiya, ka gani ko za ta mutu. In ba ta mutu ba, duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tun 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'ura ta faɗi lambar ciwon, motocin Turai ma sun bi baya. Akwai masu na'urar a garin nan. A karanta, sannan a taɓa. In fitilar tana ƙyaftawa, wannan kam ka tsaya, ba ta wasa ba ce.

Kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, ma haka. Sanyi ya ragu, kafin ka rufe baki an ce gas ya ƙare, a ƙara. Alhali a bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza akwai matatar iskar cikin mota, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Na ciro ta Kawu a gabansa. Launinta ya koma na bangon Birni, na buga ta a jikin taya ƙura ta tashi har Inna ta yi tari daga tsakar gida. Muka sa wata, iska ta dawo. Matatar iskar inji ita ma haka, a watannin hazo ba ta jiran lokacin da littafi ya rubuta, ka buɗe kapo ka duba ta da idonka. Mota ta yi nauyi, tana cin mai, a fara da nan kafin a ce a sauke inji.

Inda abin ya daina zama maganar kuɗi ya zama maganar rai shi ne taya. Wannan motar iyali ce, uwa da ƴaƴa da jikoki ne a ciki. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda a manne, ta faɗi iskar da taya ke so da nauyin da motar za ta iya ɗauka. Da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗau zafi, da ma'auni, ba da bugun ƙarfe da sauraren amo ba. Ka tsaya a kan mai faci har ya auna. A gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layi, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Taya tana iya zuwa da zanenta raɗau amma ta tsufa a tsaye. Wasu kuma tayoyin ƙanƙara ne na ƙasashen sanyi, za ka ga alamar dutse da ƙanƙara a jikinsu, robarsu taushi gare ta, ba a yi ta don kwaltar Maradi da tsakar rana ba. Sannan a haɗa da lodi: mutum goma sha biyu, buhun gero biyu a baya, rago a kan kaya. Ka kuma tuna in motarka daga Amurka ta zo, manyan lambobin allon gudu mil ne. In allura ta nuna 80, kana kusa da kilomita 130 a awa. Mutum nawa ne suka san haka ranar da suka karɓi makulli?

Motar nan cikinta kusa yake da ƙasa, kuma giyarta mai canja kanta ce. In ta kafe a yashin hanyar ƙauye, ci gaba da taka totur yana dafa man giya ne kawai. A sauke mutane, a tone gaban taya, a sa itace ko tabarma. Ba a tura ta don ta tashi kamar mai kulochi. Man giyarta ma nasa daban ne, an rubuta irinsa, ba kowane jan mai ba. Batun man kwalba na bakin hanya ba zan ma tsaya a kai ba. Matatar man fetur ta SORAZ tana nan a hanyar Tanut tun 2011, gidajen mai suna cikin gari, mutum ya sayi motar miliyoyi sannan ya ɗura mata abin da aka tace da tsumma. In tafiya ta tilasta, to, amma kada ya zama ɗabi'a, kuma kada a riƙa barin tanki yana kaiwa ƙasa, famfon mai a cikinsa yake kuma man ne ke sanyaya shi.

Ban rubuta wannan don in tozarta Kawu ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma da izninsa na rubuta. Cewa ya yi, "Faɗa musu, kada wani ya yi asarar da na yi." Yanzu sai an nemo wayar ƙofar, an kwance bangon ciki, an biya wani aikin, a kan abin da yatsa ɗaya zai gyara.

Akwai wani abu da ya tsaya mini tun ranar. Da na koma garejin neman guntun wayar, wani yaro cikin masu koyon aiki, bai fi shekara goma sha biyar ba, ya biyo ni har bakin titi. Ya ce, "Yaya, ni na ga maɓallin, na so in faɗa, amma ba a magana in maigida yana aiki." Rigarsa duk baƙin mai, silifas ɗinsa ɗaure da waya. Ya ce a aji biyar ya bar makaranta, kuma a wayar wani abokinsa yake kallon yadda ake gyaran wutar mota da dare. Shekara uku yana wanke sifana yana sayo wa manya shayi. Na karɓi lambar babansa, a Garin Malam suke. Duk wanda ya san mai gyaran wutar mota da na'ura, a nan ko a Maradi, wanda zai karɓi yaro ya koya masa tsakani da Allah, ya neme ni. Kuɗin motarsa da na abincin watan farko ni zan biya.