Cocin da aka shekara 41 ana ginawa a Reykjavik

Jiya wani abokina ya sa hoton Hallgrímskirkja, babban cocin nan na birnin Reykjavik a ƙasar Ayislan, ya rubuta a ƙasa cewa bai taɓa ganin mummunan gini irinsa ba, wai kamar roka ce ake shirin harbawa. Na yi dariya, don ba shi ya fara faɗa ba. Tun ginin yana kan takarda wasu 'yan ƙasar suke kushe shi, suna cewa tsohon yayi ne, kuma kwashe-kwashen salo ne. Ni dai ban yarda ba, ga dalilina.

A dubi gaban ginin da kyau. Ginshiƙan siminti ne a jere, gajeru daga gefe, suna ƙara tsawo ɗaya bayan ɗaya har su haɗe da hasumiya mai mita 74.5. Guðjón Samúelsson, mai zanen gine-ginen gwamnati da aka ba aikin a 1937, bai je Roma ko Landan ya kwafo wannan ba. Ayislan ƙasar duwatsu masu aman wuta ce. Idan narkakken dutse ya malalo ya huce a hankali, sai ya tsattsage, kamar yadda laka ke dararrewa a fadama da rani, ya bar ginshiƙai baƙaƙe masu kusurwa shida a tsaye. Haka suke a magangarar ruwa ta Svartifoss. Su ya ɗauko ya zuba da siminti a kan tudun Skólavörðuholt. Ƙasar da ba ta da wadatar katako, wadda kakanninta suka rayu a ɗakunan ƙasa da ciyawa, ta sami ginin da ya yi kama da ita. Wannan kaɗai ya isa in yafe masa launin tokarsa.

Sai jinkirin. An fara aiki a 1945, shekara guda bayan Ayislan ta zama jamhuriya ta rabu da sarautar Danmak, lokacin da mutanenta duka ba su kai dubu 150 ba. Suka bi shi sannu sannu. A 1948 aka keɓe ɗan ɗakin ibada da ke ƙarƙashin ginin aka fara amfani da shi, hasumiya da fikafikanta suka kammala a 1974, babban zauren kuwa sai 1986. Shi mai zanen ya rasu tun 1950, ko rabin aikinsa bai gani ba. Ƙatuwar kayan kiɗan busa da ke ciki, mai bututu 5,275, kamfanin Klais na Jamus ya ƙera, ita ma sai 1992 ta iso.

Akwai ɗan abin dariya a nan. Tsawon hasumiyar har da kishi a ciki: shugabannin cocin Lutheran sun so nasu ya kere cocin Katolika na Landakot, wanda shi ma Guðjón ɗin ne ya zana. Duk da wannan girma, ba shi ne mazaunin bishop ba. Wancan wani ɗan ƙaramin coci ne a gefen majalisar dokoki.

Abin da ya fi kama ni kuwa sunan ne, don sunan Hallgrímur Pétursson aka sa wa cocin. Hallgrímur Pétursson limamin coci ne kuma mawaƙi, an haife shi a 1614 ya rasu a 1674. Waƙoƙinsa 50 kan wahalar Almasihu har yau ana karanta su a gidan rediyon ƙasar lokacin azumin Kirista. Matarsa Guðríður tana cikin ɗaruruwan mutanen da 'yan fashin teku daga Arewacin Afirka suka kwashe a 1627, ta yi kusan shekara tara a bauta a Aljiyas kafin a fanso ta. A hanyarsu ta komawa gida suka yada zango a Kopenhagen, aka ɗora wa wani ɗalibi aikin tuna musu addininsu. Ɗalibin nan shi ne Hallgrímur, kuma ta girme shi da shekara 16.

Na tura wa abokina hoton Svartifoss ya haɗa da nasa. Ya amsa da cewa har yanzu roka yake gani.