Ni da mafin ɗin ayaba da yashin Alhaji

Ina dawowa daga Samaru da yamma na tsaya Kwangila wajen gada zan sayi lemo, sai ga wani mai baro da ayaba nono nono, ya faɗi kuɗin da sai da na sake tambayarsa ko dai bai ji ni da kyau ba. Na ɗauki manya guda biyu na ɗaure a bayan mashin ina ta murna. An ce araha ba ta ado, toh ni dai ranar ado na gani. Abin da bawan Allahn nan bai gaya min ba shi ne ayabar ta riga ta gama rayuwarta, kuma a watan Afrilu muke, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi a Zariya.

Washegari Maman Ummi ta tafi biki Funtuwa ta bar ni da Ummi da Auta. Ni kuma saboda ƙuda na ƙulle ayabar tam a baƙar leda na rataye a kicin, wanda duk mai hankali abin da zai yi kenan. Ko da na waiwaye ta wallahi ta yi baƙi ƙirin, in ka ɗaga guda ɗaya sai ta tsinke daga wuya ta faɗo da kanta. Na kira wani abokina da ya karanci harkar noma ina masa ƙorafi, sai ya hau dariya wai ai ayaba wata iska take fitarwa da ake kira etilin, ita ke nunar da ita, in ka ƙulle leda iskar ba ta da hanyar fita sai su taru su yi ta nunar da juna, ga zafi yana ƙara musu gudu. Nace toh malam na gode da lacca, yanzu ya zan yi da ita? Yace ka ba akuya.

Ummi ce ta hana. Ta kawo min waya tace Baba kalli, irin wannan ayabar ma ake nema. Wata mata ce a YouTube cikin wani farin kicin da ko ɗigon manja babu, tana haɗa mafin, ɗan ƙaramin kek ɗin nan da ake gasawa a kofin takarda, na ayaba da ot, wani hatsin Turawa. Kuma gaskiyarta ne a nan, ayaba in ta nuna luguf sitacin cikinta ya riga ya koma suga, shi ya sa ta fi zaƙi da ƙamshi a gashi, har ma sai ka rage sugan da za ka zuba. Matar tace minti 30 an gama komai. Na dubi Ummi na dubi ayaba, nace ɗauko hijabinki mu je kasuwar Sabon Gari.

A nan aka fara yi min fashi da rana tsaka. Fulawa, ƙwai, kirfa, bekin foda, kofunan takarda, farantin gashi mai rami 12, duk na daure na biya. Da aka zo kan gwangwanin Quaker Oats mai shago ya faɗi kuɗi sai da na dafa kanta. Nace ɗan'uwa hatsi ne fa ba maganin asibiti ba, kuɗin nan ai ya fi na tiyar masara nesa ba kusa ba. Yace Alhaji ba a nan ake nomansa ba. Kuma haka ne, ot ɗan ƙasar sanyi ne, Rasha da Kanada su ne manyan masu nomansa. Mu nan tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, dawa da masara da gyaɗa da wake da auduga duk an fitar mana da iri masu kyau, amma ni ɗan Zazzau na tsallake duk waɗannan na je na nemo abin da sai ya hau jirgin ruwa kafin ya iso ni. Da na yi lissafi a keke wajen PZ, kuɗin ceton ayabar ya ninka kuɗin ayabar ban san sau nawa ba, na ce wa Ummi wannan maganar ta tsaya tsakaninmu.

Awon dai ba wuya: ayaba 3 manya a dame, fulawa kofi 1, ot kofi 1, suga rabin kofi, ƙwai 2, man gyaɗa sulusin kofi, madara kaɗan, bekin foda ƙaramin cokali 2, kirfa da ɗan gishiri. Da yake ayabata ta fi ƙarfin 3 sai na ninka komai. Busassun kaya a roba ɗaya, masu ruwa a ɗaya, sannan a haɗe. Matar ta juya sau kaɗan da wani ɗan cokalin roba ta ajiye, ga gudaji ɓaro ɓaro ina kallo, wai a bar shi haka.

A bar shi haka? Ni da aka raina da tuwon dawa, gidan da in aka ga gudaji a malmala sai an yi sati ana yi wa mai girkin gori? Nace Ummi miƙo min muciya. Tace Baba ta ce fa kar a juya da yawa. Nace ita a garinsu ba su san tuƙi ba ne. Na durƙusa na matse robar da gwiwoyi na tuƙa ƙullin nan tuƙi na tsakani da Allah, har gumi na ɗiga daga haɓata, sai da ya yi sumul yana sheƙi, in ka ɗaga muciya yana biyo ta yana naɗewa. Daga baya ne yarinyar nan take karanto min wai fulawar alkama tana da wani abu gulutin, da ta ji ruwa aka yi ta juya ta sai ya yi danƙo, shi ake so a burodi shi ya sa ake murza shi, a mafin kuwa shi ne ke mai da shi roba. Toh ni ina ruwana, in da gaske abin na da muhimmanci ai da matar ta ɗaga murya da ta zo wurin.

Obin kuma muna da shi, na cikin kayan ɗakin Maman Ummi, tun da aka kawo ta yake kan wadrob cikin kwalinsa ba a taɓa kunna shi ba. Na hau kujera na sauko da shi, na buɗe na tarar da katin ɗaurin aurenmu da rasit ɗin asibiti da wani kyankyaso da ya girme wa Auta. Muka goge, na saita digiri 180 yadda aka ce, na bari ya yi zafi, na cika kofuna kashi biyu cikin uku, na tura na rufe. Minti 20 ake so. Muka jeru mu uku a gaban gilashi, ƙamshin kirfa ya fara tashi, kawunansu sun fara ɗagowa kenan Auta na tsalle, fanka ta yi wani ƙiiii ta tsaya. An ɗauke wuta.

Ɗan janaretan gidan kuwa ko dutsen guga aka jona masa sai ya yi tari ya mutu balle obin. Muna kallo kawunan da suka taso suka koma suka lotsa.

Na kira Maman Ummi. Gidan biki, ga kiɗan ƙwarya ga guɗa ga netwok na yankewa, da ƙyar na ji tana cewa a zuba yashi a tukunya a ɗora a wuta, haka ake gasa kek tun kafin a san obin. Sai ta ƙara da wata magana da ta ƙare da "sabuwar tukunyata". Ni abin da kunnena ya ji shi ne in ɗauki sabuwar tukunyarta, kuma har gobe a kan haka nake.

Yashi ba matsala, maƙwabcinmu Alhaji na gini, an juye masa tifa guda a ƙofar gida. Na ba Auta bokiti nace ya ɗebo daga gefe inda ba za a lura ba. Farantin mai rami 12 ya ƙi shiga tukunya, sai muka bi kwandon shara muka tsinto gwangwanayen madara, na fasa bakinsu da wuƙa, muka ɗauraye, muka kwashe ƙullin da ya yi rabin gasuwa muka ɗura a ciki. Na juye yashi a tukunya, na jera gwangwanaye, na rufe, na buɗe gas har ƙarshe don a rama lokacin da aka ɓata.

Jama'a ban san yadda zan kwatanta muku warin da ya biyo baya ba. Da farko na ɗauka kwata ce ta toshe. Ummi ta ja hijabi ta rufe hanci ta fice tsakar gida, Auta yace Baba ba ni ba ne tun kafin a tambaye shi. Wari ne mai shiga ido, yana hawa kai, kuma ƙamshin kirfa da ayaba na biye da shi a baya yana ƙara masa muni. Ana haka sai ga sallamar Iya, tsohuwar da ke gidan da ke jikin namu, mai tuyar masa da safe, ta shigo tana fifita fuska da gefen mayafi.

Tace Baban Ummi lafiya, wa ke babbakar fata a gidan nan?

Nace Iya kek muke gasawa, na zamani.

Ta buɗe murfin ta leƙa, ta mayar da sauri ta ja da baya. Tace yashin nan daga ina? Auta ya nuna ƙofar Alhaji, har da bayanin daga gefe ya ɗebo wajen katanga inda ya fi laushi. Iya ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye tana tafa hannu, da ƙyar ta iya cewa ai duk magen da ke unguwar nan can take zuwa da dare ta yi uzurinta ta binne. Tace ko yashin kirki ne sai an tankaɗe an wanke an shanya, wasu ma gishiri suke sawa ko tsakuwa, a bari ya ɗau zafi tukuna, wuta ƙasa ƙasa, a zuba garwashi a kan murfi don zafi ya sauko ta sama, ba a buɗe gas kamar za a dafa ganda ba. Nace Iya ai ita matar ba ta faɗi wannan ba. Tace wace mata? Nace ta cikin waya. Tace toh ta zo ta ci.

Duk da haka na fito da guda ɗaya don a yi adalci. An ce a soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu. Na karyo tsinken tsintsiya na soka, ya lanƙwashe. Na yanka gwangwanin na ɓare shi, ƙasa gawayi, tsakiya ɗanye sharaf, saman kuma da na gwada ja da hannu sai ya miƙe ya dawo kamar tayar keke. Na jefa wa akuyar Iya da ta biyo ta, akuyar da na taɓa gani da idona tana cin kwalin sabulu, ta sunsuna ta yi atishawa ta juya.

Sauran ƙullin da ke roba, wanda bai ga obin ba bai ga yashi ba, shi Iya ta ja gabanta. Ta laƙata ta ɗanɗana tace zaƙin ya yi, tuƙin ne ya yi yawa kuma ya gaji da jira, don bekin foda tun da ya ji ruwa yake fara aiki ba ya jiran kowa. Ta aiki Ummi ta ɗauko mata kindirmo da tanda da kurfoti. Ta sassauta ƙullin da kindirmon, ta barbaɗa bekin foda ɗan kaɗan, ta juya da ludayi sau biyu kacal tana kallona, ta ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi ta zuba. Kan ka ce kwabo gefe ya yi ja, ta sa tsinkenta na ƙarfe ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito ba zan ɓoye muku ba, ya yi daɗi, waje ƙamas ƙamas ciki laushi, ga ot ɗin yana ɗan taɓa haƙori. Ƙamshi ya kori wari, yaran unguwa suka cika zaure, kowa na cewa Iya ta ƙirƙiro sabuwar masa. Ba wanda ya tambayi wanda ya sayi ayaba, wanda ya je Sabon Gari, wanda ya yi gumi a kan muciya.

Da Maman Ummi ta dawo ba ta ko ajiye jaka ba ta tsaya a bakin kicin tana shaƙar iska. Ta ɗaga sabuwar tukunyar, gindin ya yi baƙi ya bankaɗe, yashi ya manne a ciki, mun wanke da omo da toka da lemon tsami amma in ka kusanto da hanci magen tana nan. Tace Baban Ummi ba ce maka na yi kar ka taɓa min sabuwar tukunyata ba? Nace "kar" ɗin ne netwok ya cinye. Tace toh ranar albashi netwok ɗin zai raka ka Sabon Gari. Tukunyar yanzu a ciki ake ba kaji ruwa.

Iya kuwa ta mayar da abin sana'a, ta ma daina sa ot tace tsada, garin gero take haɗawa da fulawar, kuma masu baron ayaba sun gane ta, duk wadda ta yi baƙi ita suke kawo wa. Da safe layi har bakin titi. Jiya na aiki Auta ya karɓo min na ɗari biyar nace ya gaya mata na mai fasahar ne za a kawo kuɗin da yamma, ya dawo da kwano wayam, wai Iya tace a gaishe ni da kyau, amma ba ta ba da bashi kafin ta yi cinikin fari.